Lotus Elise: motar da aka harhaɗa da gam

A 1993 kamfanin Lotus na Ingila yana tsaka mai wuya. General Motors da ya saye shi a 1986 ya sayar wa Romano Artioli, attajirin Italiya wanda a lokacin yake riƙe da Bugatti. Motar da aka ɗora wa buri, Elan M100 ta 1989, ta ci kuɗi masu yawa wajen ƙira, sai ga shi ta faɗo kasuwa a shekarar da Mazda ta fito da MX-5, wadda ta fi ta araha nesa ba kusa ba. Har aka daina yin ta ba a ƙera 5,000 ba. Ɗayar motar kamfanin, Esprit, tun 1976 take kasuwa, ta fara tsufa. A wannan hali ne aka ce wa injiniyoyin Hethel, can yankin Norfolk, su fito da ƙaramar mota mai kujera biyu, mai buɗaɗɗen sama, injinta a bayan direba, kuma su yi ta da ɗan abin da ke aljihu, tunda ba a sa ran sayar da fiye da 'yan ɗaruruwa a shekara.

Rashin kuɗin nan shi ya tsara motar. Bodin motar yau da kullum faranten ƙarfe ne da ake dannawa a cikin manyan zubi, kuma kowane zubi yana cin kuɗin da ba ya dawowa sai an sayar da motoci dubu ɗaruruwa. Lotus ba ta da wannan halin. Tsohuwar hanyarta, tun Elan ta farko a 1962, ita ce shasi na ƙarfe mai kama da ƙashin baya a tsakiyar mota, a ɗora masa bodin faiba. Amma mota marar rufi tana buƙatar ƙarfi a gefe da gefe, kuma idan aka nemi wannan ƙarfin da baƙin ƙarfe, nauyi ne zai biyo baya. Richard Rackham, injiniyan da aka ba aikin shasin, sai ya juya ga alminiyam da ake matsowa ta cikin farantin ƙarfe mai huda. Julian Thomson kuma shi ya zana surar motar.

Shasin

Aikin matso alminiyam ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa duba firam ɗin taga ko ƙofar gilashi. Ana gasa dunƙulen alminiyam har ya yi laushi, a tura shi da ƙarfi ta cikin farantin ƙarfe mai huda, ya fito dogo da siffar hudar nan tun daga farko har ƙarshe. Farantin ba ya da tsada idan aka kwatanta da zubin bodi. Abin da ya fi muhimmanci ga mai ƙira shi ne, yana iya zana cikin bututun yadda yake so: ya ƙara kauri inda nauyi zai sauka, ya rage inda ba kome, ya saka bangaye a ciki, ya bar baki da kwarmi inda sassa biyu za su shiga juna. Lotus ta haɗa kai da Hydro Aluminium, kamfanin Norway mai masana'anta a Tønder ta ƙasar Denmark, aka fitar da sassa fiye da ashirin. Daga baya, a 1998, aikin ya koma Worcester a Ingila.

Sai maganar haɗawa, kuma nan ne aka yi abin da ba a saba gani ba a motar sayarwa. Walda tana kashe ƙarfin irin wannan alminiyam. Zafin wutar yana sassauta ƙarfen da ke kewaye da ɗinkin, don haka mai ƙira dole ya ninka kaurin bututun gaba ɗaya saboda raunin wuri guda. Walda kuma tana murɗa sassa, sai a rasa daidaiton wuraren da ƙafafun mota za su kama. Rackham ya zaɓi gam. Kamfanin Ciba ya samar da gam na efoksi wanda ba ya kamawa sai an gasa shi. Matakan su ne: a yanka sassan, a huda su, a yi musu wankan sinadari da lantarki domin fatarsu ta yi tauri ta kuma karɓi gam, a shafa gam, a jera su a kan ma'auni, sannan a shigar da shasin cikin tanda mai zafin kusan digiri 200. Gam yana raba nauyi a kan faffadan wuri maimakon siririn layin walda, shi ya sa bangon bututu mai kaurin milimita biyu ko ƙasa da haka ya wadatar a wurare da dama.

Gam yana da rauni guda da duk mai aiki da shi ya sani. Idan ana jan sassa biyu su zame wa juna, yana riƙewa ƙwarai. Idan kuwa aka kama baki ɗaya ana ɓamɓarowa, da zarar ya fara tashi sai ya bi layi ya tafi. Haɗari irin wannan ɓamɓarar yake yi. Maganin da aka yi shi ne ɗaura ƙananan kusoshi masu yanka wa kansu hanya, na kamfanin Ejot, a bakin kowane haɗi tun gam yana ɗanye. Suna riƙe sassan kafin a shiga tanda, kuma ranar haɗari su ne ke tare tsagar kafin ta yi nisa.

Abin da ya fito wani kwami ne da mutum biyu ke zama a ciki: manyan bututu biyu a gefe, shimfiɗa a ƙasa, gicciye a gaba da baya, tankin mai a ɓoye a bayan kujeru. Nauyinsa kilo 68 kacal, amma kafin a murɗa shi digiri ɗaya sai an sa ƙarfin kusan Nm 10,000 (Nm ma'aunin ƙarfin murɗawa ne), adadin da motoci masu rufi da yawa na wancan zamanin ba su wuce ba. A baya an ɗaura ƙaramin firam na baƙin ƙarfe mai wankan tutiya, shi ke ɗauke da inji da ƙafafun baya, domin wurin yana da zafin salansa da girgiza. A gaba an manna wani akwatin faiba wanda aikinsa shi ne ya farfashe a hankali ya shanye ƙarfin karo. Bodin kuma manyan ɓawo biyu ne na faiba, na gaba da na baya, ba sa ɗaukar nauyin kome.

Da aka ga hanyar ta yi, sai aka bi ta har inda ba a zata ba. Feda uku na direba, maƙalan ƙofa, har da sassan da ke riƙe da cibiyar taya a motocin farko, duk yankakken alminiyam ne daga dogon bututu. Kuma ba a rufe shasin da kafet ko roba ba. Wanda ya zauna a ciki yana ganin ƙarfen da layin gam da idonsa.

An nuna motar a baje kolin Frankfurt a Satumbar 1995, aka sa mata suna Elise, daga sunan Elisa, jikar Artioli, aka fara sayarwa a 1996 a kan fam 18,950. Nauyinta kilo 725, tsawonta bai kai mita 3.8 ba, tazarar tayoyin gaba da na baya mita 2.3.

Abin da rashin nauyi ya sayo

Injin da aka saka ba wani abin a zo a gani ba ne: Rover K-series mai lita 1.8, silinda huɗu, bawul 16, ƙarfin doki 118, irin wanda ke cikin MGF, ƙaramar motar wasanni ta kamfanin Rover, da giya biyar. An kwantar da shi a gicciye a bayan kujeru, gaban tayoyin baya. Da wannan ɗan ƙarfin motar tana kai kilomita 100 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa 6, tana kuma haura kilomita 200 kaɗan. Amma gudun ba shi ne darasin ba. Darasin shi ne yadda rage nauyi a wuri ɗaya yake jawo raguwa a wani. Mota mai sauƙi ba ta buƙatar babban inji. Ƙaramin inji ba ya buƙatar babban tanki ko ƙaton giyabos. Tunda gaban motar ba nauyi, tayoyin gaba sirara sun isa, 185/55 a kan rim 15, na baya 205/50 a kan rim 16. Da siraran tayoyi, sitiyari yana juyuwa da hannu ba sai da fawa ba, sai aka huta da famfo, bel, tiyo da mai. Birki ma ba a sa masa abin ƙara ƙarfin taku ba, ba ABS, na'urar da ke hana taya kullewa. Gilashin ƙofa da hannu ake murɗa shi, kujerar fasinja a kafe take, waifa guda ɗaya ce. A zanen farko ma ba a yi niyyar sa ƙofofi ba, tsallakawa za a riƙa yi a shiga. Daga baya aka ga abin ba zai yiwu ga mai saye ba. Tsayin bututun gefe, wanda ya sa shiga Elise ya zama aiki, gadon wancan tunanin ne.

Birkin motocin farko ya cancanci a tsaya a kansa. Faifan ba baƙin ƙarfe ba ne, alminiyam ne da aka cakuɗa da ƙwayoyin silikon kabaid, daga kamfanin Lanxide na Amurka. Ya fi faifan ƙarfe sauƙi ƙwarai, kuma nauyin da aka rage a jikin taya ya fi kowane daraja, domin shi ne sifirin da shokazoba ke kokawa da shi a kan kowane rami. Ba ya tsatsa, ba ya saurin ci. Sai dai alminiyam ba ya jure zafin da ƙarfe ke jurewa, saboda haka a mota mai nauyi ba zai yi ba sam. A Elise ma, masu kai ta filin tsere sun sha ƙona shi. Yana buƙatar fad nasa na musamman, in aka sa masa na faifan ƙarfe an lalata fuskarsa. Samun sa ya yi wuya, wajajen 1998 aka koma faifan ƙarfe.

Sa inji a tsakiya yana da dalili biyu. Na farko, kusan kashi 61 cikin ɗari na nauyin yana kan tayoyin baya, waɗanda su ke tura motar, don haka suna kama ƙasa da kyau wajen tashi, kuma wajen taka birki nauyin da ke zubowa gaba yana sa tayoyi huɗun su raba aikin. Na biyu shi ne saurin juyawa. Ɗan garuwa mai ɗauke da garwa biyu a bakin doguwar sanda ba ya iya juyawa farat ɗaya, in kuma ya fara juyawar tsayawa ma aiki ne. Da zai rungume garewanin a ƙirjinsa, da ya juya yadda ya ga dama. Elise ta tattara inji, tanki da mutane a tsakiya, shi ya sa hancinta ke bin sitiyari nan take.

Wannan saurin yana da farashi. Idan direba ya shiga kwana da gudu, ya tsorata ya ɗaga ƙafa daga totur gaba ɗaya, nauyi yana barin tayoyin baya ya koma gaba. Na gaba su ƙara kamawa, na baya su saki, bayan motar mai nauyi ya zagayo. A mota mai inji a gaba hakan yana zuwa da sanarwa; a Elise ta farko, musamman a jiƙaƙƙen titi, yana zuwa da sauri. Don haka alaimen ɗinta ba abin da ake yi da ido ba ne. Ana auna shi ne bayan an ɗora nauyin kilo 75 a kowace kujera, tsayin motar daga ƙasa ya sauka inda littafi ya ce, sannan a daidaita karkatar taya da ƙananan faranti da ake cusawa ko zarewa. Tayoyin baya dole su ɗan kalli ciki. Idan sandar da ke riƙe da wannan saitin ta yi sako-sako, tayar baya takan juya da kanta a tsakiyar kwana. Haɗin ciki na wannan sanda sanannen wurin rauni ne: notinsa yana kwancewa, ko boljoyin ya ci, har ya karye ga masu amfani da tayoyin tsere. Duk sabis ana duba ɗaurinsa, masu zuwa filin tsere kuma sukan canja shi da wanda aka kama ta gefe biyu.

Matsalar gasket

Babu yadda za a yi maganar Elise mai injin Rover ba a yi maganar gasket na kan inji ba, kuma ya kamata a fahimci dalilin, domin ba tsautsayi ba ne, ƙira ce. An tsara K-series ne a ƙarshen shekarun 1980 a matsayin ƙaramin inji mai lita 1.1 da 1.4. Hawa-hawa aka gina shi, duk da alminiyam, dogayen kusoshi 10 suna ratsawa daga saman tof, wato kan inji, har ƙasan kiranshaf su matse kome wuri guda. Da aka faɗaɗa shi zuwa 1.8, sai aka sa hannayen silinda na ƙarfe masu zama a kan wani ɗan gefe a cikin bulok. Injin ba nauyi, yana saurin ɗumi, abin da Lotus ke so ke nan. Amma ruwan da ke cikinsa kaɗan ne, gasket ɗin asali siririn faranti ne mai zaren roba a jiki, kuma turakun da ke tsayar da tof a mazauninsa na roba ne, suna barin sa ya ɗan motsa.

Elise ta ƙara wa abin nauyi. Lagireto yana can gaba a kwance, inji yana baya, ruwa yana tafiya ta dogayen bututu a cikin gefen shasin. Tamostat kuma, bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya idan inji ya yi zafi, yana bakin shigar ruwa ne, ba bakin fita ba. In direba ya taka motar da ƙarfi kafin ta gama ɗumi, tof ya yi zafi, tamostat ya buɗe, ruwa mai sanyi da ya daɗe a lagireto ya kwararo, tamostat ya rufe, tof ya sake zafi. Wannan zafi da sanyi yana sa tof ya riƙa miƙewa yana takurewa a kan gasket har zaren roban ya saki. Ƙaramin yoyo a lagireto, wanda bakunansa na roba ne, ko murfin tankin ruwa da ya daina riƙe iska, ya isa ya ƙarasa aikin. Alamun su ne ruwa yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba, baƙin mai ya koma ruwan madara a jikin murfi, ko allurar zafi tana hawa tana sauka.

Gyaran da ke ɗorewa ba canja gasket kaɗai ba ne. Ana auna hannayen silinda, su ɗan ɗara fuskar bulok da kusan milimita 0.1, kuma huɗun su yi daidai. Wanda ya nutse, sabon gasket ba zai kama shi ba. Ana duba fuskar tof, domin wanda ya sha zafi sosai yana yin laushi, zoben gasket ya nutse a cikinsa, kuma irin wannan ko an goge shi matsalar za ta dawo. Ana sa turakun ƙarfe a madadin na roba. Inda tsayin hannayen silinda ya yi daidai, ana amfani da gasket mai hawa-hawa na ƙarfe wanda Land Rover ta fitar saboda Freelander mai irin wannan inji. Kusoshin asali ana ɗaure su Nm 20, sannan rabin zagaye, sannan wani rabin zagayen, bisa jerin da littafi ya nuna. Muddin kusoshin suna kwance ba a juya kiranshaf, sai an danne hannayen silinda, in ba haka ba za su ɗaga su karya hatiminsu na ƙasa. A ƙarshe a sa tamostat mai buɗewa da matsin ruwa, wanda ke barin ruwa ya fara zagayawa da zarar inji ya ɗau juyi, a kuma fitar da iska ta gaba da ta baya. Injin da aka yi wa wannan aikin yadda ya kamata yana daɗewa. Taimin bel ɗinsa dai na roba ne, shekaru suna cinye shi ko ba a yi tafiya ba, in ya tsinke fistin zai daki bawul.

Yadda nauyi ya dawo

Kasuwa ta karɓi motar fiye da yadda aka zata. A ƙarshen 1996 Proton na Malesiya ya sayi mafi yawan hannun jarin Lotus. A 1999 aka fito da 111S mai doki 143, a 2000 aka yi 340R marar ƙofa, guda 340 kawai, da Exige mai rufi. Amma sabbin dokokin karo na Turai sun sa dole a sake ƙira, kuɗi kuma babu. Sai aka sake komawa ga General Motors: Lotus za ta ƙera masa Opel Speedster, wadda ake kira Vauxhall VX220 a Ingila, a kan irin wannan shasin, a Hethel, kuɗin kuma ya taimaka wajen yin Elise ta biyu, wadda aka nuna a ƙarshen 2000.

Steve Crijns ya zana sabuwar surar, amma gyaran da ya fi muhimmanci yana ƙasa. An rage tsayin bututun gefe da santimita 4 domin shiga ya yi sauƙi. An sa shokazoba na Bilstein a madadin Koni. An rage faɗin tayoyin gaba zuwa 175 a kan rim 16, aka faɗaɗa na baya zuwa 225 a kan rim 17. Ma'anar wannan a fili take: an mayar da gaban motar shi ne zai fara zamewa kafin baya, domin direban da bai ƙware ba ya ji motar tana buɗe kwana maimakon ta juye da shi. Wasu masu son ta farko sun ce an rage mata kaifi. A ganina gyara ne na gaskiya, domin mota ce da ake sayar wa kowa, ba 'yan tsere kaɗai ba, kuma sitiyarin bai rasa bayanin da yake kai wa hannu ba.

Babban sauyi ya zo a 2004 da injin Toyota 2ZZ-GE, wanda aka yi da haɗin gwiwar Yamaha. Lotus tana son shiga Amurka, injin Rover kuma ba shi da takardar hayaƙi a can. Shekara guda bayan haka ma MG Rover ya durƙushe. Sabon injin lita 1.8 ne shi ma, doki 189 a juyi 7,800 a minti, da giya shida. Kamshaf ɗinsa, sandar da ke buɗe bawul, yana da tudu iri biyu: ƙarami na tafiyar gari, babba kuma yana shiga a juyi 6,200, kuma kwamfutar ba ta barin ya shiga sai inji ya ɗumi. Ƙasa da wannan juyi motar ba ta fi mai injin Rover kuzari ba, sama da shi kuwa wata mota ce daban, don haka direba yana aiki da giya ne domin kada allura ta faɗo. Yana amfani da sarƙa a madadin bel, maganar gasket kuma ta kau. Nasa raunin shi ne baƙin mai: a doguwar kwana da tayoyi masu kamu, mai yana taruwa gefe guda na kwanon ƙasa, famfo ya zuƙi iska, metal ya ci. Maganinsa kwano mai shinge a ciki. A Amurka kuma an taɓa kiran wasu motocin domin gyara tiyon da ke kai mai ga masanyayarsa a gaba.

Wannan Elise, 111R, nauyinta kilo 860. Injin da giyabos sun fi nauyi, an sake firam ɗin baya, an sa ABS da abin ƙara ƙarfin birki, na Amurka kuma suna da jakar iska. Masu saye suna neman na'urar sanyi, gilashi mai lantarki da kafet. Jan junan da ya rage nauyi a 1996 sai ya koma yana aiki ta baya, kowane ƙari yana kiran wani. A 2008 aka ƙara sufacaja, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ƙarfi ya kai doki 218. A shekarar ne kuma Tesla ta fara sayar da Roadster, wadda Lotus ke harhaɗa gangar jikinta a Hethel a kan shasin da aka tsawaita. Batirinta kaɗai kusan kilo 450 ne, motar ta haura kilo 1,200.

Gyaran fuska na 2010 ya kawo ƙaramin inji mai lita 1.6 da doki 134 saboda dokar hayaƙi. A 2011 aka daina sayar da ta titi a Amurka, bayan rangwamen da aka yi mata kan sabuwar dokar jakar iska ya ƙare. A 2017, shekarar da Geely na Sin ya sayi kashi 51 na kamfanin, an yi yunƙurin komawa baya da Elise Sprint: batirin litiyam, kujerun kabon, gilashin baya na roba, rim mai sauƙi, har aka sauko kilo 798 ba mai ba ruwa. Ta ƙarshe, Sport 240 ta 2021, tana da doki 240 da kilo 922. An ninka ƙarfi, an ƙara kusan kilo 200. Ta fi ta farko gudu ta kowace fuska, kuma har ƙarshe ba a sa mata fawa a sitiyari ba, amma saurin nata ya koma yana fitowa daga inji, alhali na 1996 daga rashin nauyi yake fitowa. An rufe layin a Disambar 2021 bayan an ƙera Elise 35,124, kuma ta ƙarshe da aka sayar Elisa Artioli aka miƙa wa.

Abin da shekaru suka nuna game da gam

Tsoron da aka yi a 1996 shi ne gam zai saki bayan wasu shekaru. Bai saki ba. Motocin farko suna kan titi da haɗinsu na asali, kuma kwamin da aka yi a 2021 ɗan gyara kaɗan ya raba shi da na farkon. Inda matsala take fitowa shi ne wurin da alminiyam ya haɗu da baƙin ƙarfe a cikin damshi, musamman a ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin sanyi. Ƙarafa biyun suna zama kamar batir, alminiyam ne ke narkewa, ya bar farin gari. Ana ganin haka a inda ƙafafun mota da shokazoba suka kama shasi, da inda firam ɗin baya ya haɗu da shi. Duk wanda ya kwance noti a irin wannan wuri dole ya shafa man raba ƙarafa, irin Duralac, kafin ya mayar. A motocin farko kuma tabarmar roba da aka manna a wurin sa ƙafa tana riƙe ruwa, shimfiɗar ƙasa ta yi ƙuraje a ƙarƙashinta.

Babban abin da mai wannan mota yake biya shi ne rashin gyaruwa. Shasin ƙarfe in ya lanƙwashe, fanabita zai ja shi, ya gasa, ya yi walda. Wannan ba ya karɓar ko ɗaya. Wutar walda tana ƙona gam ɗin da ke kusa, ta kuma sassauta alminiyam, sannan ba a iya mayar da mota guda cikin tanda. Idan taya ta daki dakali da ƙarfi har wurin da ƙafar ta kama ya tsage ko ya motsa, Lotus ba ta yarda da faci ba, sabon shasi ake sawa, a kwashe kome daga tsohon a mayar kan sabon. Mota mai ƙaramin rauni a ido takan zama asara gaba ɗaya a wurin kamfanin inshora saboda wannan. Ɓawon faiba ma guda ne, don haka ɗan karo a kusurwa yana iya jawo canja gaban motar duka, kuma ko lagireto za a canja sai an cire shi.

Shi ya sa duba tsohuwar Elise daga ƙasa ake fara shi. A ɗaga ta a wuraren da aka yi wa alama kaɗai, domin jak a ƙarƙashin shimfiɗa yana lotsa ta, kuma a kula, nauyinta yana baya, tana iya tuntsurewa daga kan abin ɗagawa idan aka cire tayoyin gaba ba a daidaita ta ba. A kwance farantan ƙasa, a haska fitila a kowane wurin da ƙafa ta kama, a nemi tsaga, lotsawa ko ramin noti da ya faɗaɗa. A bi layin gam da ido: na masana'anta launinsa ɗaya ne, a tsaftace yake, duk inda aka ga wani gam daban, ko faranti da aka ɗora, ko alamar walda, an taɓa wurin. A ɗaga tabarma a duba shimfiɗa. Sannan a kai ta ma'aunin alaimen. Idan tayoyi huɗun suka shiga adadin littafi da faranti kusan daidai a hagu da dama, shasin a miƙe yake. Idan gefe ɗaya sai an cusa masa faranti da yawa kafin ya zo daidai, akwai abin da ya lanƙwashe, kuma sai an gano ko ƙafar ce, wadda ake canjawa, ko kuwa shasin ne.